Daasanach da Kiwonsu a Bakin Kogin Omo: Tambayoyi da Amsoshi

Yawancin waɗanda suka san sunan Daasanach a hotunan masu yawon buɗe ido suka fara ganinsu, da duwatsun wuya da gashin jimina da bukkoki a tsakiyar fili mai ƙura. Hoton ba ya nuna abin da ke riƙe da rayuwar waɗannan mutane, wato lissafin da suke yi tsakanin garke da gona da kogi, da kuma yadda wannan lissafi ya rikice a 'yan shekarun nan. Tambayoyin da ke ƙasa a kan wannan suka fi tsayawa.

Su wane ne Daasanach, kuma a ina suke zaune?

Daasanach al'umma ce ta makiyaya da ke zaune a inda Kogin Omo ya gama gangarowa daga tsaunukan Habasha ya zuba cikin Tafkin Turkana, a kusurwar da ƙasashe uku suka haɗa iyaka, wato Habasha da Kenya da Sudan ta Kudu. Mafi yawansu suna ɓangaren Habasha, a gundumar da ke ɗauke da sunansu cikin shiyyar Omo ta Kudu, kuma babban garin gundumar shi ne Omorate, wanda ke bakin kogin. Wasu suna Kenya, a kewayen garin Ileret da ke gaɓar tafkin ta arewa maso gabas cikin gundumar Marsabit. Ƙidayar jama'a ta Habasha ta 2007 ta samu mutum 48,067, ta Kenya ta 2019 kuma ta samu 19,337. Adadin Habasha ya tsufa, kuma ƙidayar mutanen da ke bin dabba daga wuri zuwa wuri ba ta cika kama kowa ba, saboda haka ya kamata a ɗauki waɗannan alkaluma a matsayin mafi ƙarancin yawansu.

Ƙasar tasu busasshiya ce mai tsananin zafi, ruwan saman da take samu a shekara bai cika kai milimita 400 ba, kuma ko shi ɗin ba shi da tabbas. Abin da ya sa wurin ya zaunu shi ne kogin, wanda ruwansa ke zuwa daga damunar wata ƙasa mai nisan ɗaruruwan kilomita.

Me ya sa ake jin ana kiransu da wasu sunaye?

Kowane maƙwabci da sunan da ya san su da shi. Turkana da jaridun Kenya sukan ce Merille, a cikin Habasha an daɗe ana ce musu Geleb, tsofaffin rubuce-rubucen Turawa kuma suna kiransu Reshiat tun daga tafiyar Samuel Teleki da Ludwig von Höhnel, waɗanda suka isa arewacin tafkin a 1888 suka sa masa suna Rudolf. Kenya ta mayar da sunan tafkin Turkana a 1975. Su kansu mutanen Daasanach suke kiran kansu.

Wane harshe suke yi? Suna da dangantaka da Fulani ko Hausawa?

Harshensu yana cikin reshen Kushitik, tare da Oromo da Somali da Afar, kuma danginsa na kusa su ne harshen Arbore da na El Molo. Reshen Kushitik da reshen Cadi, inda Hausa take, duk rassa ne na babban iyalin harsunan Afirka da Asiya, wanda Larabci da Amharik ma suke ciki. Ke nan akwai dangantaka ta asali tsakanin harshen Daasanach da Hausa, sai dai rabuwar ta kai dubban shekaru, Bahaushe ba zai tsinci komai a zancensu ba. Fulfulde kuwa daga wani iyali dabam take. Kamannin da ake gani tsakanin Daasanach da Fulanin daji sana'a ce ta kawo shi, domin duk wanda ke kiwon shanu a busasshiyar ƙasa dole dabarunsa su yi kama da na ɗan'uwansa a wani wurin.

Daga ina suka fito?

Ba daga kaka ɗaya suka fito ba, kuma su kansu ba su iƙirarin haka. Al'ummar ta haɗu ne daga ƙungiyoyin mutane da suka iso bakin Omo a lokuta dabam-dabam, wasu fari ya koro su, wasu yaƙi, wasu annobar dabbobi. A yau sun kasu kashi takwas bisa yanki: Inkabelo, waɗanda suka fi yawa, sai Inkoria da Naarich da Elele da Randal da Oro da Kuoro da Riele. Tarihin baka yana danganta Randal da Rendille na arewacin Kenya, Kuoro kuma da Samburu. Baƙon da ya zauna a cikinsu, ya koyi harshe, aka yi masa kaciya, ya shiga tsarin sa'anni, yakan zama ɗan gida, 'ya'yansa kuma ba a bambanta su da kowa. Wannan ɗabi'a ta karɓar baƙo ita ce ta sa al'ummar ta sake farfaɗowa bayan bushiya da agana sun yi wa yankin mummunar ɓarna a ƙarshen ƙarni na 19.

A 1898 dakarun Sarki Menelik na Biyu suka iso bakin tafkin ƙarƙashin Ras Wolde Giyorgis, daga nan ƙasar Daasanach ta shiga daular Habasha. Yarjejeniyar iyaka ta 1907 tsakanin Habasha da Birtaniya ta ja layi ta tsakiyar wuraren kiwonsu ba tare da an tambaye su ba.

Waɗanne dabbobi suke kiwo, kuma yaya suke tsara kiwon?

Suna kiwon shanu masu tozo da awaki da tumaki da jakuna, wasu kuma suna da raƙuma kaɗan. Kowace dabba da aikinta. Saniya tana ba da nono, ita ce kuma ma'aunin daraja. Akuya ta fi jure fari saboda tana cin ganyen ƙaya, tana saurin haihuwa, ita ake yankawa idan baƙo ya zo, ita ake sayarwa idan ana neman hatsi ko magani. Jaki shi ke ɗaukar ruwa da kayan bukka ranar ƙaura. Magidancin da ya tara shanu zalla ba tare da ƙananan dabbobi ba ya sa dukiyarsa duka a hannun damuna ɗaya.

Gida ɗaya yakan rabu biyu a mafi yawan shekara. Akwai mazauni na kusa da kogi, inda tsofaffi da mata da ƙananan yara ke zama tare da 'yan shanun tatsa da awaki, akwai kuma mashekarin samari, waɗanda ke tafiya da babban garke zuwa inda ciyawa take, wani lokaci tafiyar kwanaki. Idan ruwan sama ya sauka, galibi tsakanin Maris da Mayu, garke yakan fita zuwa filayen da ke nesa da kogi ya sha daga kududdufai, a bar ciyawar bakin ruwa ta huta. Idan kududdufai suka ƙafe sai a dawo fadamar kogi da tsibiran da ke bakin tafki, inda ambaliya ta bar ɗanyar ciyawa. Shanu sukan ƙetare kogin da iyo, samari na bin su a kwalekwalen da aka fafe daga gungumen itace guda. Kurmin bakin kogi yana da ƙudan tsando mai kawo sammore, saboda haka makiyayi yana auna tsawon zaman da zai yi a can, kada garken da ya tsere wa yunwa ya faɗa hannun cuta.

Bukkar da suke kwana a ciki mata ne ke gina ta kuma su ne masu ita. Ana lanƙwasa tsumagu a ɗaure su kamar kifaffiyar ƙwarya, a rufa da fatu da tabarmi, a bar ƙofa ƙarama wadda sai an durƙusa ake shiga. A yanzu bukkoki da yawa an lulluɓe su da fallayen kwano, abin da ke nuna cewa gidan ya daɗe bai tashi ba.

Me ya sa ake cewa saniya ta fi ƙarfin abinci a wurinsu?

Domin kusan kowace hulɗa tsakanin mutum da mutum da dabba ake ƙulla ta. Sadakin aure ba a biyansa rana ɗaya. Miji yakan yi shekaru yana miƙa shanu da awaki ga dangin matarsa, yau wannan kawu, baɗi wancan wa, kuma kowace dabba da ta fita tana ƙara ɗaure gidajen biyu. Bayan wannan akwai amintaka ta musamman da namiji ke ƙullawa a matakai dabam-dabam na rayuwarsa, misali da wanda aka sa wa ɗansa sunansa, ko wanda ya riƙe shi ranar kaciya, ko wanda suka yi musayar kyauta. Masanin halayyar al'umma Uri Almagor, wanda ya zauna da su a ƙarshen shekarun 1960, ya nuna cewa ƙarfin mutum a cikinsu yana tafiya ne da yawan irin waɗannan aminai da ingancinsu. Amfanin abin a bayyane yake: wanda ya rarraba dabbobinsa a hannun aminai a wurare masu nisa da juna, fari ko hari ba zai share shi a dare ɗaya ba, kuma idan ya rasa komai yana da ƙofofin da zai ƙwanƙwasa a ba shi karsana ya sake kafa garke.

Saurayi kuma yana da sa guda da ya fifita a kan sauran. Yana gyara masa ƙaho tun yana ƙarami har ya ɗauki siffar da yake so, yana tsaga masa kunne, yana rataya masa ƙararrawa, yana yi masa waƙa, abokansa kuma suna kiransa da sunan launin san. A wurin rawa yakan ɗaga hannuwa ya kwaikwayi tsayuwar ƙahon sansa.

To ashe ba su noma?

Suna noma sosai, kuma wanda bai gane wannan ba bai gane kiwonsu ba. Damunar tsaunukan Habasha tana sauka ne tsakanin Yuni da Satumba, ruwanta ya taru a Omo, ya iso ƙasar Daasanach wajen Agusta da Satumba, lokacin da su a wurinsu rani ne. Kogin yakan tumbatsa ya malale gaɓa da fadamu, ya yi makonni, sa'an nan ya janye ya bar laka mai taushi da ya kwaso daga tudu. A cikin wannan laka ake shuka. Ba a huɗa, ba a zuba taki, ba a ban ruwa: mutum yana tafe da sanda mai tsini yana huda ƙasa, ana jefa ƙwayar dawa ana rufewa, damshin da ƙasa ta sha shi zai kai shukar har girbi. Dawa ce babbar shuka, sai masara da wake da kabewa da taba. Idan dawa ta fara ƙosawa ana kafa dogayen rumfuna a tsakiyar gona, yara su hau su wuni suna ihu suna jifan tsuntsaye da curin laka. Bayan an yanke dawar takan sake tofowa a samu girbi na biyu, karan kuma ya zama abincin shanu.

A shekarar da ambaliya ta yi kyau, Daasanach sukan samu hatsin da ya fi ƙarfin cinsu, har maƙwabta irin su Turkana da Hamar su zo saye da awaki. Hatsin nan shi ke hana a sayar da shanu ko a yanka su lokacin yunwa. Ambaliya ɗaya ce ke ciyar da gona, ita ke tsirar da ciyawar rani, ita ke kawo abincin da kifi ke hayayyafa a kansa a bakin tafki. Sana'o'in uku da ake gani kamar dabam suke, wato noma da kiwo da kamun kifi, duk a jijiya ɗaya suke sha.

Su wane ne ake kira Dies?

Dies su ne Daasanach da suka rasa dabbobinsu suka koma bakin tafki suna rayuwa da kamun kifi da farautar kada, a da har da dorina. Farautar kada da dare ake yinta a cikin kwalekwale, mutum ɗaya na tuƙi a hankali, ɗaya na riƙe da mashi mai igiya, ana neman ƙyallin idon kadan a saman ruwa. Masu shanu suna yi wa wannan rayuwa kallon talauci, kuma a da mai garke ba ya son a gan shi yana cin kifi. Amma ƙofar komawa a buɗe take, domin wanda ya tara abin da ya sayi awaki, awaki suka zama shanu, ya koma sahun makiyaya. A lokacin fari kuwa masu garken ne ke neman Dies.

Yau kamun kifi ya zama sana'ar kuɗi. Ana kama karfasa da giwan ruwa, a busar ko a sa gishiri, 'yan kasuwa su kwashe zuwa garuruwa masu nisa, kuma yawan masu shiga sana'ar yana ƙaruwa duk lokacin da fari ya wuce.

Mene ne abincinsu na yau da kullum?

Tuwon dawa ko kununta da nono, ɗanye ko kindirmo, da man shanu. Nama na ranar biki ne ko ranar baƙo ko lokacin da dabba ta kasa. Samarin mashekari, waɗanda hatsi ba ya isa gare su kullum, sukan ɗebi jini daga jijiyar wuyan sa mai rai da 'yar kibiya, su toshe wurin, su sha shi haɗe da nono. Abin shan safe shi ne ruwan ɓawon gahawa da ake tafasawa a tukunya a zuba a ƙwarya, kuma dattijo yakan fesa kurɓin farko ta bakinsa yana sa wa gida da dabbobi albarka.

Ruwan sha shi ne wahalar waɗanda ke nesa da kogi. Tafkin Turkana ba shi da mafita, ruwansa yana da gishiri da kanwa, saboda haka a kewayen Ileret mata suna tona rijiyoyi da hannu a cikin yashin busassun rafuka, suna bin ruwan ƙasa yayin da rani ke ƙara nisa da shi.

Wa ke mulkinsu? Suna da sarki?

Ba su da sarki. Mulki yana hannun tsarin sa'anni, inda kowane namiji ke cikin rukunin tsararsa, rukunin kuma yana hawa mataki-mataki har ya kai ga dattijantaka. Daga rukunin da ke sama ake zaɓar dattawan da ake kira bijimai, su ne ke yanke hukunci, su sasanta rigima, su sa baki a rabon filin noma bayan ambaliya, su sa albarka ko su tsine. Akwai kuma zuri'o'i takwas da ake gado ta wajen uba, waɗanda suka ratsa dukkan yankunan, kowace da baiwar da aka yarda tana da ita. An yarda cewa zuri'ar Galbur tana da iko a kan ruwa da kada, shi ya sa ake neman ɗanta idan garke zai ƙetare kogi, zuri'ar Turat kuma ana kai mata wanda wuta ta ƙona. A gefen wannan tsari akwai na gwamnati, da shugaban gunduma da 'yan sanda da kotu, kuma sau da yawa jami'in gwamnati ba ya iya kashe wata magana sai ya bi ta wurin dattawan.

Mene ne bikin Dimi?

Dimi shi ne biki mafi girma a rayuwar namiji, kuma 'yarsa ce ke ba shi damar yinsa. Idan 'yar fari ta tasa, kafin ta isa aure, uban yakan haɗu da sauran iyaye irinsa a kafa unguwa ta wucin gadi a fili, a yi makonni ana rawa da yanka. Maza suna shafa farar ƙasa da rawaya, su yafa fatar damisa ko ta wani biri mai dogon gashi baƙi da fari, su ɗora hular gashin jimina, su riƙe dogayen sanduna. Dattawa suna bi bukka-bukka suna sa wa 'yan matan albarkar aure da haihuwa. Uba ɗaya yakan yanka kimanin shanu goma da ƙananan dabbobi talatin, kuma da rani ake yi, lokacin da nono ya yi ƙaranci jama'a na bukatar nama. Mutum yakan fito daga Dimi garkensa ya rame amma ya zama cikakken dattijo mai magana a taro.

Akwai ɓangaren da ba a kauce masa: albarkar Dimi share fage ce ga kaciyar 'yan mata, wadda al'ada ta ɗauka sharaɗin aure. Dokar laifuka ta Habasha da ta fara aiki a 2005 ta haramta kaciyar mata, Kenya ma ta yi dokarta a 2011, kuma illarta ga lafiya, daga zubar jini zuwa wahalar haihuwa, tabbatacciya ce. Doka kaɗai ba ta kawar da ita ba, domin uwar da ta bar 'yarta ba kaciya tana tsoron kada a ƙi aurenta, kuma wannan tsoro ba ya gushewa sai iyaye da yawa sun daina tare.

Wane addini suke bi?

Mafi yawansu suna kan addinin gargajiya, suna kiran mahalicci Waag, wanda suke dangantawa da sama da ruwan sama, kuma albarkar dattawa da tsinuwarsu suna da nauyi ƙwarai. Akwai Kiristoci, musamman a kewayen majami'un mishan, a garuruwa kuma akwai 'yan kasuwa Musulmi daga wasu ƙabilu.

Me ke haddasa faɗa tsakaninsu da maƙwabta?

Daasanach sun daɗe suna kai hari ana kawo musu tsakaninsu da Turkana a kudu maso yamma, da Nyangatom a arewa, da Hamar a arewa maso gabas, da Gabra a kudu maso gabas. Da Arbore kuwa zaman lafiya suke yi. A al'ada, wanda ya kashe abokin gaba akan yi masa tsaga a ƙirji, kuma samari suna neman suna ta hanyar kwaso shanu. Wannan gaskiya ne, amma wanda ya tsaya a nan ya bar rabin labarin.

Sauran rabin shi ne ƙuntatar ƙasa. Turawan Birtaniya sun hana su shiga yankin Ilemi, fili mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 10,000 a yammacinsu wanda suka saba kiwo a ciki, wanda kuma har yau Kenya ke riƙe da shi Sudan ta Kudu na cewa nata ne. Italiya ta ba su bindigogi lokacin da ta mamaye Habasha daga 1936 zuwa 1941, Birtaniya kuma ta far musu bayan ta kori Italiyawa. A 1973 Kenya ta kafa gandun daji na Sibiloi a kudancin Ileret, aka haramta kiwo a ciki. Daga shekarun 1980 bindigar AK-47 ta cika yankin ta hanyar yaƙe-yaƙen Sudan da Uganda da Habasha, harin da a da ake yi da mashi ya koma na kisan mutane da yawa a sa'a guda. Sa'an nan bakin kogin kansa yana motsi: idan tafki ya ja baya, fadamar da ke cikin Habasha takan miƙe ta shiga Kenya, masunta da makiyaya na ɓangarorin biyu su haɗu a wuri ɗaya. Garin Todonyang da ke kan iyakar ya ga kashe-kashe a Mayu 2011, ya sake gani a Fabrairu 2025.

Duk da haka, mutanen da ke faɗa da juna su ne ke ciniki da juna. Badaasanace yana iya samun amini Baturkane wanda yake sauka a gidansa, su yi musayar dawa da akuya, kuma idan an yi sulhu ta irin waɗannan mutane ake fara aika saƙo.

Wane tasiri madatsar ruwa ta Gibe III ta yi musu?

Gibe III tana kan Omo can sama, ɗaruruwan kilomita daga ƙasar Daasanach. Kamfanin Salini na Italiya ya fara gina ta a 2006, tsayinta ya haura mita 240, ƙarfin lantarkinta megawat 1,870, an fara tara ruwa a bayanta a farkon 2015, aka ƙaddamar da ita a Disamba 2016. Habasha tana bukatar wutar, har tana sayar wa maƙwabta, wannan ba abin musu ba ne. Sai dai aikin madatsar lantarki shi ne ta riƙe ruwan damuna ta riƙa sakinsa daidai-wa-daida duk shekara, wanda hakan ke nufin kashe ambaliyar da noma da ciyawar rani da kifi suka dogara a kanta. A 2015 ambaliyar ba ta zo ba. An yi alkawarin sakin ruwa da gangan a kowace shekara domin ya maye gurbinta, amma abin da aka saki bai kai ya jiƙa fadamun da aka saba nomawa ba, kuma manomin da bai san ranar da ruwa zai zo ko ranar da zai janye ba ba ya iya shirya iri.

A tsakanin madatsar da ƙasar Daasanach gwamnati ta buɗe gonakin rake na Kuraz, waɗanda ke jan ruwa daga kogin, a kewayen Omorate kuma an ba masu zuba jari filaye a bakin ruwa, inda shanu ke bi su sha. Omo ne ke kawo kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan Tafkin Turkana, shi ya sa a 2018 hukumar UNESCO ta sa gandayen dajin tafkin cikin jerin wuraren tarihi na duniya da ke cikin haɗari. Ana kuma gina wata madatsar, Koysha, a ƙasan Gibe III. Abin da ya fi ciwo a lamarin shi ne cewa mutanen da suka fi kowa asara su ne aka fi ƙarancin tuntuɓa, kuma yawancin ƙauyukansu ba su ga wutar ba.

Idan ambaliya ta ƙare, me ya sa ake jin labarin ruwa ya raba su da gidajensu?

Ambaliyar da ke zuwa a kan lokaci ta janye a kan lokaci dabam take da ruwan da ke zuwa ya zauna. A Agusta 2006, tun kafin madatsar ta fara tara ruwa, Omo ya yi wata mummunar cika da ta kashe mutum fiye da 360 a yankin ta tafi da dubban dabbobi. Daga 2020 kuma ruwan sama mai yawa a yankin ya sa Tafkin Turkana ya yi ta hawa, ya tura ruwa baya cikin bakin kogin, ya shanye tsibirai da fadamu da ƙauyuka, dubun dubatar Daasanach suka koma zaman sansani a kan tudu kusa da Omorate. A daidai wannan tsakani, daga ƙarshen 2020 zuwa farkon 2023, damuna biyar a jere ta gaza a busassun yankunan gabashin Afirka. Garken da ya rasa ciyawar tudu saboda fari ya tarar da ciyawar fadama a ƙarƙashin ruwa, kuma tsarin raba kiwo tsakanin wuri biyu bai tanadi shekarar da duka biyun za su rufe tare ba.

Hotunan da ake gani na mata da hular murafen kwalba, al'adarsu ce?

Duwatsun wuya da zoben hannu da fatar da mata ke ɗaurawa nasu ne na asali, haka ma kwalliyar maza ta yumɓu da ake shafawa a ƙeya a soka gashin jimina, da 'yar kujerar katako da namiji ke yawo da ita, ya zauna a kai da rana ya yi matashi da ita da dare don kada kwalliyar ta lalace. Hulunan murafen kwalba da tsofaffin agoguna kuwa sabon abu ne, kuma sun yawaita ne a ƙauyukan da ke tsallaken kogi daga Omorate, inda motocin baƙi ke tsayawa ana biyan kuɗi a kan kowane hoto.

Yaya maganar makaranta da sauyin sana'a?

Karatun boko ya makara da isowa, kuma har yanzu yaran da ke makaranta ba su kai waɗanda ke bayan dabba ba, musamman 'yan mata. Dalilin ba boyayye ba ne: makarantar da ke tsaye wuri ɗaya tana bukatar yaro a watannin da garke ke bukatarsa. Iyaye da yawa sun ɗauki dabarar da suka saba da ita a kiwo, su tura ɗa ɗaya ko biyu makaranta, sauran su riƙe dabbobi, domin idan fari ya cinye garke albashin wanda ya yi karatu ya sayi hatsi. A ɓangaren Ileret, mishan ɗin Katolika ya gwada makarantun tafi-da-gidanka masu bin mashekari, ana fara koyar da yara da harshensu. Cibiyar binciken burbushin mutanen farko da Richard Leakey ya assasa tana da sansani a Ileret, kuma 'yan Daasanach suna aiki a can wajen nemo ƙasusuwa da tsabtace su. A ɓangaren Habasha kuwa gwamnati tana ƙarfafa zama wuri ɗaya da noman ban ruwa da injin famfo, wanda ke bukatar man fetur da kayan gyara da kasuwar sayar da amfanin, abubuwa uku da noman laka bai taɓa nema daga kowa ba.